Ranar da Aka Manta da Kadangare a Saman Turke

Kadangare ya fara hawa sama yana ɗan shekara goma sha tara, kuma ba don yana sha'awa ba. A lokacin yana bin kawunsa aikin fenti, suna shafa bangon gidaje da tankunan ruwa. Wata rana gidan rediyo ya ba kawun kwangilar shafa wa turken tashar fenti ja da fari. Turken kuwa na ƙarfe ne, siriri, tsawonsa mita ɗari da goma. Kawun ya zo gindinsa ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, sai ya ce gwiwarsa ce ta tashi tun jiya. Ya miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa bokiti da buroshi.

Masu kallo daga ƙasa suka lura cewa duk inda ya tsaya hutawa sai ya manne da ƙarfe yana gyaɗa kai. Numfashi yake mayarwa, amma su abin da suka gani daban ne. Kafin ya sauko sun riga sun laƙaba masa sunan da ya bi shi har furfura. Tashar ta ɗauke shi aiki bayan wata biyu, domin ba kullum ake samun mai yarda ya hau can ba.

Shekara talatin da uku ya yi yana hawa. Mutanen unguwa suna cewa ba a halicce shi da tsoro ba, shi kuwa yakan yi dariya ya bar su da zancensu. Matarsa ce kaɗai ta san cewa duk ranar da zai hau ba ya iya haɗiye ko lomar burodi, shayi ma rabin kofi yake sha. Yana da ƙa'idojinsa da ba ya karyawa. Ƙugiya biyu ce a ɗamararsa, kuma ba ya cire ɗaya sai ɗayar ta kama ƙarfe. Kowace sifana da igiyarta. Wayarsa da kuɗinsa a ƙasa yake barinsu, cikin aljihun rigar da ya tuɓe.

Faɗuwa ba ita ce babbar fargabarsa ba, don ita yana da maganinta a kugu. Abu biyu ne suke tsinka masa zuciya. Na farko tsawa. Na biyu abin da ke fitowa daga bakin eriya idan tiransimita, na'urar da ke tura shirye-shirye, tana aiki, abin da ba a gani, ba a jin warinsa, amma yana gasa mutum daga ciki. Yana sabon shiga ya yi aiki da wani dattijon mahayi wanda aka taɓa kunna masa na'ura yana gaban eriya. Mutumin ya ce da farko ɗumi kawai ya ji mai daɗi, kamar an lulluɓe shi da bargo. Bai faɗo ba, bai ƙone ba. Amma kafin shekara uku idanunsa biyu sun yi fari fat, sai da aka riƙa jansa da sanda. Tun daga nan Kadangare ba ya taka matakalar farko sai ya ga an kashe tiransimita da idonsa, an sa wa makunnin kwaɗo, mabuɗin yana cikin ƙaramin aljihun ƙirjinsa. A kafaɗarsa kuma akwai wani ɗan akwati da ke kuka idan ya ji ƙarfin eriya. Ma'aikata suna kiransa ɗan tsako, saboda irin kukansa.

Matarsa tela ce. Ɗakin ɗinkinta yana bakin ƙofar gida, keke ɗaya, tebur ɗaya, sai wata tsohuwar rediyo a kan taga wadda ba ta kama tasha sai tasu. Duk ranar da rediyon ta yi shiru da rana tsaka, ta san mijinta yana sama. Sai ta ɗauke ƙafa daga kan keke ta koma aikin hannu, sa maɓalli ko kalmasa, har sai murya ta dawo. Da haka suka raini 'ya'ya uku har suka aurar da biyu. Ba ta taɓa zuwa gindin turken ba. Ta ce idan ta gani da idonta, ba zai sake fita daga gidan nan da wannan ɗamara ba.

Yana da shekara hamsin da biyu sabon abu ya zo. Tashar ta haɗa kai da wani kamfani za a gwada aika talabijin kai tsaye zuwa wayar hannu. Injiniyar tashar, wata mata mai fara'a da ba ta girmi babbar 'yarsa da yawa ba, ita ta yi masa bayani a ɗakin na'urori.

"Baba Kadangare, rediyo ce dai, amma ta dijital. Hanyar da take ɗaukar murya tana da faɗin da za ta ɗauki hoto ma. Waya za ta kama shi daga iska kamar yadda rediyon gida take yi. Ba layi, ba data."

"To ni ina nawa a ciki, ranki ya daɗe?"

"Naka shi ne mafi nauyi," ta ce tana dariya. "Faranti goma sha shida za ka ɗora mana a can sama."

Sati biyar suka yi shi da abokin hawansa suna jan farantan eriyar da igiya suna ɗaurewa. Aka jera su hawa huɗu, kowane hawa ya zagaye turken ta ɓangare huɗu, daga mita tamanin da biyar zuwa casa'in da bakwai. A wurin turken ya tsuke, tsanin ta waje yake bi, saboda haka duk mai hawa ko sauka sai ya ratsa ta gaban farantan, ƙirjinsa a jikin ƙarfe, kamu biyu kawai tsakaninsa da bakinsu. Kamfanin ya raba wayoyin gwaji kamar hamsin ga ma'aikata da wasu 'yan kasuwa a unguwanni daban-daban. Baƙaƙe ne, masu siririyar eriya da ake zarowa daga gefe. Mai shagon magani da ke kallon gidan Kadangare ya sami ɗaya, ya riƙa nuna wa kowa ko da ba ta nuna komai tukuna.

Ana gobe bikin buɗewa aka gano ruwa ya shiga wani mahaɗin kebur a hawa na sama. An riga an gayyaci manyan baƙi zuwa wani zauren taro a tsakiyar gari, ƙarfe goma sha ɗaya za a kunna kowa ya gani a tafin hannunsa. Abokin hawansa kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi. Kadangare bai taɓa hawa ba tare da mahayi na biyu a ƙasa ba, amma Injiniya ta ce ita da kanta za ta tsaya masa da oba-oba a hannu su riƙa magana. Ya ce to.

Washegari ƙarfe takwas aka kashe tsohuwar tiransimitar rediyo da sabuwar ta dijital, aka sa wa kowace kwaɗo. Mabuɗai biyu suka shiga aljihun ƙirjinsa. Injiniya ta ba shi wayar gwaji ɗaya ta ce ya sa a jakar kayan aiki, idan ya sauko aka kunna su gwada tun daga gindin turken. Ƙarfe goma da kwata ya gama sauya mahaɗin, ya naɗe shi da roba, ya danna oba-oba ya gaya mata.

"Sannu da aiki, Baba. Sauko haka. Manaja ya kira ni sau huɗu, wai wayoyin baƙi sun ƙi saituwa."

"Jar fitilar sama ta mutu," ya ce. "Ga ni kusa da ita, kuma da ƙwai a jakata. Minti ashirin ne. Idan na bari sai na sake hawowa takanas."

Ta dubi agogo. "Mabuɗan duka suna wurinka, babu mai iya kunna komai. Bari in leƙa zauren in dawo. Ba za a fara ba sai na ga ƙafarka a ƙasa. Zan bar wa maigadi oba-oba."

Daga sama ya ga farar motarta ta fita daga ƙofar fili, ƙarama kamar akwatin ashana. Ya haura ya wuce farantan, ya kai wani ɗan dandamali na ƙarfe da ke mita biyar a samansu, ya zauna ya buɗe murfin fitilar.

Abin da shi da Injiniya ba su sa a lissafi ba shi ne wata ƙaramar na'urar ko-ta-kwana da kamfanin ya kawo kwana biyu kafin nan. An haɗa ta da kebur ɗin eriya, wutarta daban, kuma ba a riga an yi mata wurin sa kwaɗo ba. Goma da rabi ta wuce wani mutumin kamfanin ya iso filin. Baƙo ne, ba ya jin harshen mutanen wurin sai kaɗan. Ya tambayi maigadi ina Injiniya, maigadi ya nuna hanya da hannu ya ce sun tafi. Mutumin ya ɗaga kai, rana ta haske masa ido, bai ga kowa a jikin turken ba. Ya shiga ɗaki ya auna kebur ya ga gyara ya yi, ya ga babbar na'ura a kulle, ya dubi agogo. Sai ya kunna ƙaramar.

Kadangare yana ɗaure noti na ƙarshe ɗan tsako ya fara kuka a kafaɗarsa.

Da farko ya ɗauka lalacewa ya yi. Ya dafa aljihunsa, mabuɗan suna nan, yana jin tudunsu. Ya buga akwatin da tafin hannu, kukan bai tsaya ba. Da ya sunkuyar da kafaɗa wajen farantan, sai kukan ya haɗe ya zama ƙara ɗaya mai tsawo. Nan take ya gane an kunna eriyar. Bai san lokacin da ya kama tsani ya yi sama ba, har ya kai ƙarshen turken inda babu sauran abin kamawa sai sandar kare tsawa. A nan kukan ya ragu, yana yi yana tsayawa, amma bai daina ba.

Ya danna oba-oba. "Maigadi. Maigadi, kana ji na? A kashe. Akwai mutum a sama." Abin da ya dawo masa shi ne shuuu mai kauri, irin wanda bai taɓa ji a na'urar ba. Ƙarfin eriyar ya toshe ta. Ya yi ta kira har maƙogwaronsa ya fara zafi.

Sai ya tuna da wayar gwaji. Ya ciro ta, ya zaro eriyar, ya kunna. Yana fatan ya ga baƙin allo. Hoto ne ya fito, tar da shi, ya fi na talabijin ɗin gidansa kyau. Ga zauren taro, ga kujeru masu farar riga, ga Manaja a bayan abin magana yana gyara wuyan riga. Mutane suna tafi, kowa ya ɗaga baƙar waya sama. Aka juya kyamara, sai ga Injiniya a gefen dandali, tana murmushi, wani babban baƙo yana riƙe da hannunta yana yi mata barka. Daga baya ta gaya masa cewa da ta ga hoto ya fito ta ɗauka ya sauko ne ya ba mutumin kamfani mabuɗi. A lokacin dai shi bai san wannan ba. Ya kawo wayar kusa da bakinsa ya ce, "Ina sama. Ranki ya daɗe, ina sama." Ita kuma tana ta murmushi a tafin hannunsa.

Ya gwada duk abin da ya zo masa. Ya yi ihu, iska ta kwashe muryar. Ɗakin maigadi yana can bakin ƙofa, bayan itatuwa, ko rufinsa ba ya gani sosai. Ya kwance sifana daga igiyarta, abin da bai taɓa yi ba, ya duba inda babu mutum ya sake ta. Ta nutse cikin ciyawa ba tare da ko ƙara ba. Ya saki ta biyu, haka. Ya cire hular kwanonsa ya jefa wajen rufin ɗakin na'urori, iska ta kaɗa ta ta yi gefe, ta faɗa kan hanyar tsakuwa tsakanin ɗakin da ƙofa. Ya zuba mata ido. Babu wanda ya fito.

Daga nan sai jira. Ya ɗaure ƙugiyoyinsa biyu a jikin ƙarfe, ya naɗe ƙafafu, ya kifa fuskarsa cikin gwiwar hannu don ya kare idanunsa, ko da yake bai san ko hakan yana da amfani ba. Jikinsa ya ɗauki zafi. Abin da ya fi cinsa shi ne ya kasa rarrabe zafin rana da wancan zafin. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne, ya ce shi ke nan an fara. Cikinsa ya murɗa, ya ce hanjinsa ne ke dahuwa, alhali tun jiya da yamma bai ci komai ba. Can ya ɗaga kai ya dubi gari ya ga ya yi dishi-dishi, gabansa ya yanke ya faɗi, sai da ya goge gumin idon ya ga rufin gidaje sun dawo daidai. Yana iya hango unguwarsu daga nan, har da hasumiyar tankin ruwan da ke bayan layinsu. Ya yi tunanin dattijon nan da sandarsa, da yadda yake lalubar bakin kofi kafin ya sha. Ya yi tunanin zama a ɗakin ɗinki yana jin ƙarar keke ba ya ganin mai takawa.

A cikin wayar kuwa jawabi ake yi. Wannan ya sauka wancan ya hau. Wani ya ce daga yau ko mai tura baro zai kalli labarai a inuwar bishiya. Aka yi dariya, aka tafa. Kadangare ya gane cewa muddin wannan hoto yana motsi, hanyar ƙasa a rufe take. Ya riƙa kunna wayar yana kashewa don kada batirinta ya ƙare.

Wajen ƙarfe ɗaya saura ɗan tsako ya yi shiru. Kadangare ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya. Ya yi hamdala, ya kwance ƙugiya ɗaya, har ya sauke ƙafa matakala biyu. Wani abu ya ce masa ya duba tukuna. Ya kunna wayar. Ana nuna wasu yara 'yan makaranta suna waƙa a kan dandali. Ya juya ɗan tsako ya ga fitilarsa ta mutu. Batirinsa ne ya ƙare. Ya koma inda yake a hankali, ya mayar da ƙugiyar.

Bai gama dawowa hayyacinsa ba ya ji iska ta sauya. Ta daina zuwa da zafi, ta zo da ƙanshin ƙasa. Ya waiwaya gabas ya ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, gindinsa ya riga ya fara zuba a bayan gari. Turken ya fara lilo a hankali, irin lilon da sai wanda ke sama yake jinsa. Can nesa aka yi rugugi.

Ya san inda yake zaune. A duk faɗin garin babu abin da ya fi wannan sanda kusa da gajimare, kuma an kafa ta ne musamman don tsawa ta same ta. Ya fara lissafi. Mita goma sha biyu ne gaban farantan. Idan ya bi ƙa'ida, ƙugiya bayan ƙugiya, minti huɗu ne ko biyar. Idan ya saki ƙugiyoyin ya sauka da hannu kawai, zai iya yi a minti ɗaya, in ƙarfen bai jiƙe ba, in hannun nan ya yarda ya riƙe. Minti ɗaya a bakin eriya zai makantar da mutum? Bai sani ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa adadin, an dai ce kada a yi. Walƙiya ta haska, ya ƙirga har tara kafin ƙarar ta iso. Ta gaba ya ƙirga shida. Gashin hannunsa ya miƙe.

Ya sauko zuwa ɗan dandamalin, ya tsaya a bakinsa yana kallon farantan a ƙarƙashin ƙafarsa, farare, shiru, kamar ba sa komai. Ɗigon farko ya faɗo masa a wuya. Ya sa hannu a ƙugiya ta farko ya cire. Ya sa hannu a ta biyu. Sai ya ce bari ya ƙara dubawa sau ɗaya.

Manaja ne a allon yana godiya ga baƙi. Yana tsakiyar kalma hoton ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Fuskar ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, sannan allon ya yi baƙi.

Kadangare bai motsa ba. Zai yiwu wayar ce ta mutu, zai yiwu can zauren ne wuta ta ɗauke alhali eriya tana nan tana aiki. Yau an riga an yaudare shi sau ɗaya. Sai oba-oba ta yi ƙara a kugunsa, shuuu ɗin nan ya tafi, murya ta fito sarai.

"Maigida. Maigida, kana ji na?"

Ya kusa sakin na'urar. Shekara talatin yana jin muryar nan, bai taɓa jinta a nan sama ba.

"Ina ji," ya ce. "Me ya kawo ki?"

"An kashe. Ka sauko."

"Wa ke tsaye a wurin makunnin?"

"Ni ce. Na jawo kujera na zauna a gabansa. Duk mai son taɓa shi sai ya ɗaga ni. Ka sauko a hankali, kada ka yi sauri don ruwa."

Yadda aka yi ta zo, daga baya ya ji. Tana ɗakin ɗinki tana sa maɓalli tun safe, rediyo shiru. Wajen sha biyu ta ji hayaniya a shagon magani, mutane sun taru suna kallon bikin a wayar mai shagon. Ta leƙa ta gani ita ma, har ta yi murmushi ta ce ashe ya sauko. Ta dawo ta zauna a kan keke, ta sa ƙafa, sai ta lura rediyon taga har yanzu ba ta ce uffan ba. Ta murɗa ta, ta sauya batir, shiru. Ta zauna tana juya abin. Idan rediyo ba ta dawo ba, mabuɗi yana aljihunsa. Idan mabuɗi yana aljihunsa, yana sama. To hoton nan daga wane turke yake fitowa? Ta kira wayarsa sau bakwai, tana ta ringi a aljihun rigar da ya rataye. Ta kira Injiniya, a kashe. Ta ja mayafi ta tare mai babur, ko ƙofar ɗakin ba ta rufe ba.

Maigadi ya rantse mata cewa ya ga motar ta fita kuma ya ɗauka mijinta yana ciki. Oba-obar tana kan bencinsa, ya rage mata murya tun da ta fara shuuu. Suna tafiya wajen ɗakin na'urori ta ga hular kwano a kan tsakuwa, ta tsage gida biyu. Ta ɗauka ta shiga da ita. Mutumin kamfani ya taso yana ɗaga mata hannu wai ba a shiga. Ba ta jin harshensa, shi ma ba ya jin nata. Ta ɗora masa hular a kan tebur, ta nuna sama da yatsa. Ta ce ta ga jinin fuskarsa ya janye a gabanta. Da kansa ya juya ya kashe na'urar, sannan ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Saukowar ta ɗauke shi minti hamsin. Ruwa ya kece tun yana gaban farantan, ƙarfe ya yi santsi, safar hannunsa ta jiƙe ta yi nauyi. Bai tsallake ƙugiya ko ɗaya ba. Yana wajen mita talatin aka saki wata tsawa da ta girgiza turken har cikin haƙoransa, bai san ko a kansa ta sauka ko a kusa ba, ya rungume tsani ya rufe ido har ƙarar ta wuce, sannan ya ci gaba. Da ya taka ƙasa yatsunsa sun ƙi buɗewa. Maigadi ne ya ɓamɓare su daga matakalar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ba ta fito ba sai da aka je aka gaya mata ya sauka, don ta ce ba za ta tashi daga kujerar ba.

A asibiti ba a sami ƙuna a jikinsa ba. Likitan ido ya haska masa fitila ya ce a yanzu dai komai lafiya, saman eriya ba kamar gabanta ba ne, wataƙila abin da ya same shi kaɗan ne. Amma ya ce irin wannan ba ya nuna kansa da wuri, ya riƙa zuwa duk wata shida.

Injiniya ta zo gidan kwana biyu bayan haka. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasan ɗakin ɗinki cikin ƙyallaye, ta ce laifinta ne, bai kamata ta bar gindin turken ba ko da Manaja zai kore ta. Matar Kadangare ta ci gaba da taka keke kamar ba ta ji ba. Sai da ta kai ƙarshen ɗinkin ta yanke zare, sannan ta ce, "'Yata, tashi ki zauna a kujera, akwai allura a ƙasan nan." Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar. A tashar aka yi zama, aka rubuta takardu, aka sa wa kowace na'ura wurin kwaɗo, kamfanin ya mayar da mutuminsa gida.

Bayan wata ɗaya Kadangare ya ɗaura ɗamara ya koma. Ya ga an kulle komai da idonsa, mabuɗai uku a aljihu, sabon ɗan tsako a kafaɗa. Ya hau mita goma lafiya. A ta sha ɗaya hannunsa na dama ya ƙi sakin matakala. Ya yi masa magana, ya lallashe shi, ya zage shi, hannun ya ƙi. Abokin hawansa ya hau ya sauko da shi, kuma bai taɓa ba kowa labarin ba. Tashar ta ba shi aikin ƙasa. Shi ke riƙe igiya da oba-oba idan wasu sun hau, kuma an san shi da cewa ko waye ya kira shi, ba ya matsawa taku ɗaya sai mahayi ya sauko.

Talabijin ɗin waya bai yi tsawon rai ba. Wayoyin da ke kama shi ba su yawaita a kasuwa ba, mutane kuma suka koma kallo da data. Bayan shekara biyu aka rufe gwajin, aka sauko da farantan aka jibge su a bayan ɗakin na'urori, ciyawa ta rufe su.

Shi dai bai fasa zuwa wurin likita ba. Ya kuma ɗauki wata ɗabi'a: kowace safiya kafin ya wanke fuska sai ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta lambobin kalandar da ke bango, sannan ya sauya. A zuwa na bakwai likitan ya daɗe a kan idon hagu fiye da yadda ya saba. Ya kashe fitilar ya ce akwai 'yar yana da ta fara, ƙarama ce ƙwarai, kuma ko ta girma aikin rabin sa'a ne yanzu a cire ta.

"Likita, wancan abin ne?"

"Baba, shekararka hamsin da shida, kuma rabin rayuwarka a cikin rana ka yi ta. Cikin mutum goma masu shekarunka da ke zaune a benci a waje, uku suna da irinta."

"Na ji. Amma tawa, wancan abin ne ko shekaru?"

Likitan ya rufe fayil ɗin. "Gaskiya ba zan iya rarrabewa ba. Babu wanda zai iya."

Kadangare ya karɓi takardar ganin likita na gaba ya ninke ta huɗu. A cikin motar haya ya yanke shawarar ba zai gaya wa matarsa ba sai bayan bikin autarsu, wanda saura sati uku. Ya sauka tasha ɗaya kafin tasu, ya saya mata zaren da ta aike shi, fari biyu da shuɗi ɗaya, ya ƙarasa gida a ƙafa.